Yadda ake neman taimako a Word da LibreOffice ba tare da an taɓa linzami ba

Shagona na buga takardu yana Tawa, ba nisa da kasuwa. Kwamfuta uku ne a ciki, da injin fitar da takarda ɗaya, sai bencin masu jira. A hunturun da ya wuce ƙura ta kashe mini linzami biyu cikin mako guda, wannan da muke ce wa suri. Amma ba ita ta sa na zauna na koyi abin da zan rubuta a nan ba. Kawuna ne ya sa. Tsohon malamin lakwal ne, ya yi ritaya, yana so ya rubuta tarihin gidanmu da hannunsa kafin waɗanda suka san shi su ƙare. Idonsa ya yi rauni, hannun dama kuma yana ɗan rawa. Ran farko da na zaunar da shi gaban Word, ya kama linzami ya yi ta yawo da shi a kan tebur, can ya ce, "Ɗana, kibiyar nan ina take zuwa ne? Da na gan ta sai ta ɓace."

Na zare linzamin na jefa a aljihun tebur. Abin da muka yi bayan nan shi ne wannan bayani. Na jera shi yadda muka bi shi, kuma na fi tsayawa a kan sashen taimako na manhajar, domin wanda ya iya buɗe taimako ya karanta ya koma kan takardarsa da maɓallai kaɗai, sauran abubuwa zai tono su da kansa ba sai ya jira ni ba.

Mataki na 1: tabbatar da irin kilabiyen (allon maɓallai) da ke gabanka

Kada ka tsallake wannan. Dubi layin haruffa na sama. In ya fara da A Z E R T Y, na Faransa ne, shi ne mafi yawa a biro-biro na ƙasarmu. In ya fara da Q W E R T Y, na Ingilishi ne, irin wanda ke zuwa da kwamfutocin da ake sayowa ta Ƙonni ko Kano. Sunayen da ke jikin maɓallan sun bambanta: abin da na Faransa ya rubuta Entrée, Maj, Échap, Suppr, Inser, ɗayan ya rubuta Enter, Shift, Esc, Delete, Insert. Zan yi amfani da na Faransa tunda su ne a gaban yawancinmu.

Sai dai abin da aka zana a jikin maɓalli daban, abin da Windows ke ji daban. Buɗe takarda ka danna A. In Q ta fito, an juya tsarin rubutun. Yawanci hannu ne ya haɗa Alt da Maj bisa kuskure, don wannan haɗin yana sauya harshen kilabiye idan an girka fiye da ɗaya. Riƙe maɓallin Windows ka danna Espace har ka dawo kan na Faransa.

Me ya sa nake jan kunne? A kilabiyen Faransa da aka juya zuwa Ingilishi, inda Z take nan W ke zama, inda A take kuma Q. Ka yi kuskure kana so ka janye shi da Ctrl+Z, kwamfuta ta ji Ctrl+W, wato rufe takarda. Ka so zaɓar rubutu gaba ɗaya da Ctrl+A a LibreOffice, ta ji Ctrl+Q, wato fita daga manhajar ɗungurungum. Za ta tambaye ka ko a adana, amma mai raunin ido da bai ga tambayar ba yana iya danna abin da bai dace ba. Shafi biyu na Kawu sun tafi ta wannan hanya, kuma ni ne na sha faɗa.

Abu na biyu ya shafi kwamfutar hannu. A da yawansu layin F1 zuwa F12 yana da aiki biyu. Ka danna F1 kana jiran taimako, sai sauti ya mutu ko hasken allo ya ragu. In haka ta faru, riƙe Fn kafin ka danna. A wasu injuna Fn tare da Échap yana kulle layin a kan aikinsa na asali, ka huta.

Mataki na 2: gane inda matsaya take

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Mai linzami yana bin kibiya. Mai kilabiye yana bin wani abu daban: a kowane lokaci akwai wuri guda a allo da kwamfuta ta tsaya a kai tana jiran umarni. Ni ina kiransa matsaya. In kana cikin rubutu, ita ce ɗan sandan nan mai ƙyaftawa. In kana kan wani buton, za ka ga an zagaye shi da siririn layi ko launinsa ya ɗan canza. Duk abin da ka danna, can yake tafiya. Yawancin masu cewa kwamfuta ta ƙi jin magana, matsayarsu ce ta koma wani wuri ba su lura ba.

Maɓallan da ke matsar da ita ba su da yawa:

Tab yana kai ka abu na gaba, Maj+Tab yana mayar da kai baya.
Kibau huɗu suna yawo a cikin jeri guda.
Entrée yana zartarwa. Espace yana sa alama a ɗan akwati ko ya cire ta.
Échap yana janyewa, taki ɗaya duk dannawa.
F6 yana tsallakawa daga wani babban sashe na taga zuwa wani, Maj+F6 yana juyawa.
Alt+Tab yana kai ka wata manhaja da ke buɗe.

Na ce wa Kawu ya ɗauki taga kamar gida. F6 fita ne daga ɗaki zuwa ɗaki, Tab kuwa zagaya kayan cikin ɗakin ne. Da ya riƙe wannan, rabin wahala ta ƙare. Mun kuma manna ɗan guntun salatif mai kauri a kan F1 da F6 da Échap don yatsa ya gane su ba sai ido ya duba ba. F da J dama da ɗan tudu aka ƙera su, shafa ka ji.

Mataki na 3: taimako a Word

Buɗe Word ka danna F1. A sababbin fitowa, taimako yana buɗewa a wani siririn sashe a gefen dama, kuma daga intanet yake ɗauko bayaninsa. In babu intanet ba za ka samu abin kirki ba, wannan kuwa ba ƙaramar matsala ba ce a wurinmu. Zan dawo kanta.

Idan sashen ya buɗe, rubuta abin da kake nema a akwatin bincike. Kalma biyu ko uku sun isa, kuma da harshen da manhajar take: "numéro de page", "interligne", "table des matières". Danna Entrée. In ka rubuta ba ka ga haruffa sun shiga akwatin ba, dakata, wataƙila cikin takardarka suke zuba. Danna F6 har matsaya ta shiga sashen taimako, sannan Tab har ta hau akwatin.

Sakamako zai jeru. Tab yana sauka daga ɗaya zuwa na ƙasa, Entrée yana buɗe wanda ka tsaya a kai. Kibiyar ƙasa tana gangara da shafin. Ka karanta mataki na farko, ka danna F6 har ɗan sanda ya dawo yana ƙyaftawa a takardarka, ka aikata, ka sake F6 ka koma ka karanta na biyu. Kada ka rufe taimako tsakanin mataki da mataki. Na ga mutane suna karanta umarni bakwai a jere, su rufe, su manta na uku, su sake buɗewa daga farko. Amfanin zamansa a gefe ke nan, ido ɗaya a nan ɗaya a can.

In ka gama, matsaya tana cikin sashen, danna Ctrl+Espace. Ɗan jeri zai fito, sauka da kibiya zuwa Fermer, danna Entrée.

Akwai hanya mafi gajarta da na fi so. Tun daga Office 2016 akwai akwatin bincike can sama, Alt+Q ke kai ka cikinsa. Rubuta sunan abin da kake so, alal misali "filigrane", umarnin kansa zai fito a jeri, ka sauka da kibiya ka danna Entrée ya aikata. Ba sai ka san a wane lungu aka ɓoye shi ba. Ga wanda ba ya gani sosai, wannan ya fi lalube cikin ƙananan hotuna ɗari.

Sai zirin saman nan mai cike da hotuna, wanda ya zo da Office 2007 ya rikita tsofaffin sakatarori. Danna Alt sau ɗaya ka saki. Ƙananan haruffa za su bayyana a kan kowane shafi na zirin. Danna harafin wanda kake so, wasu haruffan su sake fitowa a kan umarnin da ke ciki. Échap yana mayar da kai baya. In haruffan sun yi maka ƙanƙanta, bayan Alt yi amfani da kibiyar dama da hagu ka zaɓi shafi, Tab ya shigar da kai cikinsa.

A nan akwai tarko. Haruffan suna bin harshen manhaja ne. Jerin gajerun hanyoyi da wani ya turo maka ta WhatsApp daga Word na Ingilishi ba lallai ya yi aiki a na Faransanci ba. Misalin da kowa ke cin karo da shi: kaurara rubutu a na Ingilishi Ctrl+B ne, a na Faransanci Ctrl+G, daga kalmar gras. Don haka abin da allonka ya nuna shi za ka bi. In kana son cikakken jeri, danna F1 ka rubuta "raccourcis clavier", za a ba ka na harshenka.

Ƙari biyu: Maj+F10 yana buɗe jerin da danna linzami na dama ke buɗewa, a nan ake samun gyaran kalmar da aka ja wa jan layi. F12 kuma yana buɗe Enregistrer sous. Ctrl+S dai, mai adana takarda, ka mai da shi kamar numfashi, kowa ya san halin kuran a watan zafi.

Mataki na 4: taimako a LibreOffice, da yadda ake ajiye shi a gida

LibreOffice kyauta ce, wata gidauniya mai suna The Document Foundation ke riƙe da ita tun 2010, kuma tana buɗe takardun Word. A ganina ta fi dacewa da wanda intanet ɗinsa sai ya sayi fas na yini, saboda dalili ɗaya: ana iya sauke taimakonta gaba ɗaya a ajiye cikin kwamfuta.

Ga yadda ake yi. A shafin da ake sauke manhajar akwai wani fayil na daban, na taimako, kowane harshe da nasa. Zaɓi na Faransanci, kuma lambar fitowarsa ta zo daidai da ta manhajar da ka girka. Girka manhaja tukuna, sannan taimakon. In ba ka girka shi ba, F1 zai gaya maka babu shi ya ba ka zaɓin karantawa ta intanet. Ni na sauke duka biyun sau ɗaya lokacin da na je Yamai, na zuba a kile (USB), da ita na girka wa injuna ukun da na Kawu.

Tun daga fitowa ta 6.1 a 2018, taimakon LibreOffice a manhajar shiga intanet yake buɗewa, Firefox ko Edge ko Chrome, duk wadda ka saba. Mutane suna gani su ɗauka yana cin kuɗinsu. In ka girka na gida, daga cikin injinka yake karantowa, ko layi babu zai buɗe. Abin lura shi ne yanzu taga biyu gare ka. F6 ba zai kai ka daga takarda zuwa taimako ba, Alt+Tab ne zai yi.

F1 na LibreOffice yana duba inda matsayarka take kafin ya buɗe. Kana cikin ƙaramar tagar tsara sakin layi ka danna shi, shafin da ke bayanin wannan tagar zai kawo maka, ba shafin farko ba. Saboda haka dabarar ita ce ka je har bakin abin da ya ɗaure maka kai, sannan ka danna F1. Kawu ya kasa gane mene ne "retrait" a tagar Paragraphe. Na ce, "Kawu, ku tsaya a kansa da Tab, ku danna F1." Bayanin ya fito, ya karanta, ya ce ai wannan shi ne alinéa da suke koya wa yara su bari da faɗin yatsa biyu a bakin layi.

Cikin shafin taimakon kuwa, ƙa'idar manhajar intanet ce ke aiki:

Tab yana bin mahaɗai ɗaya bayan ɗaya har ya kai ka akwatin Index, inda kake rubuta kalma jerin batutuwa ya taƙaita a ƙarƙashinta.
Ctrl+F yana neman kalma a cikin shafin da kake. Shafukan suna da tsawo, wannan yana rage gangara.
Espace yana sauka da allo guda, Maj+Espace yana hawa.
Alt da kibiyar hagu yana mayar da kai shafin da ka baro.
Ctrl da alamar ƙari yana girmama rubutu, Ctrl da alamar ragi yana rage shi, Ctrl da 0 yana mayar da shi yadda yake.
F7 yana saka ɗan sanda mai ƙyaftawa a cikin shafin, ka bi layi-layi da kibau, ka riƙe Maj ka zaɓi abin da za ka kwafa. Zai tambaye ka ko ka yarda a kunna, ka ce e.
Ctrl+W yana rufe shafin. Tabbatar a taimako kake kafin ka danna.

Girmama rubutun nan shi ya sa Kawu ya fi son wannan taimakon a kan na Word. Yana kai shi ninki biyu, layuka su sake jeruwa su cika allo, ya karanta ba tabarau a kan hanci ba wuya a miƙe.

A cikin manhajar kanta, F10 yana kai ka layin Fichier, Édition, Affichage, ka bi da kibau. Ko ka riƙe Alt ka danna harafin da aka ja wa layi a ƙasa. F6 yana zagaya layukan hotuna da sashen gefe, in kuma ka ɓace Ctrl+F6 yana dawo da kai cikin takarda kai tsaye. Wannan na ƙarshen ka haddace shi, shi ne hanyar gida. In ka tsaya a kan wani hoto ba ka san aikinsa ba, Maj+F2 yana fito da ɗan bayani a kansa. Tun daga fitowa ta 7.2 akwai kuma Maj+Échap, mai buɗe akwatin neman umarni da suna, ɗan'uwan Alt+Q na Word. Alt+F12 yana buɗe Options, a ciki akwai shafi mai suna Accessibilité.

Kada ka ɗauka kowane maɓalli aikinsa ɗaya a manhajojin biyu. Maj+F1 a LibreOffice na tambayar "mene ne wannan", a Word kuwa yana buɗe sashen da ke nuna yadda aka tsara rubutun da kake kai.

Mataki na 5: ƙananan tagogi masu tambaya

Taimako zai ce maka buɗe kaza, zaɓi kaza, sa alama a kaza. Duk a cikin ƙananan tagogi ake yin wannan, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne a ko'ina. Ctrl+Tab yana sauya shafukan da ke jere a saman tagar. Tab yana bin filaye. In fili yana da jeri a naɗe, Alt da kibiyar ƙasa yana warware shi. Espace na sa alama. Entrée daidai yake da OK, don haka kada ka danna shi sai ka gama duka, da yawa suna danna shi bayan fili na farko taga ta rufe. Échap yana fita ba tare da an canza komai ba. A kilabiyen Faransa lambobin layin sama sai da Maj, in injinka yana da lambobin gefen dama su suka fi sauƙi.

Mataki na 6: daidaita Windows da jikin mai aiki

Wannan ya danganta da larurar mutum, ba kowa ke buƙatar duka ba. Windows+U yana buɗe wurin, sunansa Accessibilité a Windows 11, Options d'ergonomie a Windows 10.

Ga mai raunin gani, fara da girman rubutu da kaurin ɗan sanda mai ƙyaftawa. Na kaurara na Kawu na sa masa alama mai launi sama da ƙasa, ya daina neman inda yake. Sai madubin girmamawa, Loupe: Windows da alamar ƙari yana kunna shi yana ƙara girma, Windows da ragi yana ragewa, Windows+Échap yana kashewa. Yana bin matsaya duk inda ta je, shi ya sa ya fi daɗi da kilabiye. Yana kunne, Ctrl+Alt+I yana juya launuka, fari ya koma baƙi, ga wanda hasken farar takarda ke sa wa hawaye. Akwai kuma launuka masu tsananin bambanci, Alt na hagu da Maj na hagu da Impr écran. Ka lura haɗin ya ƙunshi Alt da Maj, in yatsa na uku ya makara kilabiye na iya juyewa, mu koma mataki na farko.

Ga mai hannu ɗaya, ko wanda riƙe maɓalli biyu lokaci guda ke yi wa wuya, danna Maj sau biyar a jere. Za a tambaye ka ko a kunna touches rémanentes. In ka yarda, Ctrl+S ya zama danna Ctrl ka saki, danna S. Ga mai rawar hannu da harafi ke maimaituwa masa, riƙe Maj na dama daƙiƙa 8 yana kunna touches filtres, mai watsi da dannawar da ba a yi niyya ba. Da muka kunna wa Kawu, "aaaa" da "nnn" suka ɓace daga rubutunsa. Amma in kwamfutar ta haya ce ko ta biro, kashe su in ka tashi. Wata yarinya ta zo buga takardar neman aiki bayansa, ta yi ta danna maɓalli yana jinkiri, har ta ce injina ya tsufa.

Mataki na 7: in ido ba ya aiki sam

A nan murya ce ke maye gurbin allo. Windows yana da tasa, Narrateur, Ctrl+Windows+Entrée ke kunna ta ya kuma kashe ta. Ta isa a fara da ita. Amma wadda makafi masu aikin kwamfuta suka fi riƙewa ita ce NVDA. Kyauta ce, wani makaho ɗan Ostareliya, Michael Curran, ya fara ta a 2006, abokinsa James Teh, shi ma makaho, ya haɗu da shi suka kafa NV Access. Tana magana da Faransanci, kuma ana iya zuba ta a kile a tafi da ita, a soka a kwamfuta mai Windows a tayar da ita ta yi magana ba sai an girka ba. Ga ɗalibi makaho da ke zuwa ɗakin kwamfuta na jami'a ko shago irin nawa, wannan babban abu ne.

In an girka ta, Ctrl+Alt+N ke tayar da ita. Tana da maɓallinta na umarni, Inser, ana kuma iya mai da shi Verr Maj a kwamfutar hannu. Inser+N yana buɗe jerinta, a ciki akwai Aide mai ɗauke da cikakken littafin amfani. Inser+T yana faɗin sunan tagar da kake ciki, shi za ka danna duk lokacin da ka yi Alt+Tab ba ka tabbata inda ka sauka ba. Ctrl yana sa ta yi shiru. Inser tare da maɓallin da ke ɗauke da 1 a layin sama yana kunna koyon kilabiye: duk abin da ka danna za ta faɗi sunansa da aikinsa ba tare da ta aikata ba. Sake danna su ka fita. Sabon mai koyo ya yi yini guda a nan kafin komai.

A shafin taimako na LibreOffice NVDA ta fi nuna amfaninta, tunda shafin intanet ne. H yana tsallakawa daga kan magana zuwa na gaba, K daga mahaɗa zuwa mahaɗa, E zuwa akwatin rubutu, T zuwa jadawali. Ka haɗa da Maj ka koma baya. Inser+F7 yana jero maka duk kanun shafin ko mahaɗansa a taga guda ka zaɓa. Inser da kibiyar ƙasa yana sa ta karanta daga inda kake har ƙarshe. In ka danna H ka ji ta rubuta harafin maimakon ta tsallaka, tana cikin akwatin rubutu ne, Échap ko Inser+Espace zai fito da ita. Muryar Faransanci in ta hau rubutun Hausa tana karanta shi kamar baƙon da ya sauka jiya, sai kunne ya saba. Ga karanta taimako da jerin umarni kuwa ba ta da matsala.

Mataki na 8: takardar da ka rubuta, wani ma zai bi ta da maɓalli

H ɗin can yana aiki ne don waɗanda suka rubuta shafin taimako sun sa kanun gaske. Mu masu buga takardu yawanci kaurara layi muke yi mu girmama shi mu ce kan magana ne. Ido yana yarda, manhaja ba ta yarda. Yi amfani da salon Titre 1 da Titre 2. A LibreOffice Ctrl da 1 ko 2 ne, a Word rubuta "styles" a Alt+Q. Da ka yi haka F5 a LibreOffice, ko sashen kewaya da Ctrl+F ke buɗewa a Word, zai jero maka kanun ka yi tsalle zuwa babi na tara ba gangara. Hoto kuma a rubuta masa jimla guda da ke faɗin abin da ke ciki, texte de remplacement. Word yana da mai duba irin wannan tun 2010, Vérifier l'accessibilité a ƙarƙashin Révision, LibreOffice ta samu nata a fitowa ta 7.0 a 2020.

Da tarihin Kawu ya kai shafi arba'in muka koma muka sa wa kowane kaka Titre 1, ƴaƴansa Titre 2. Ya danna F5, zuriyar ta jeru a gefe kamar bishiya, nan take ya ga ya tsallake gidan ƙanen kakansa da ya koma Abalak. Ya sauka da kibiya zuwa wurin, ya danna Entrée, ya ce in kawo masa shayi, wannan babin zai yi tsawo.